Kananzir a Ƙoƙon Furannin Gwaggo

An zuba kananzir a cikin furannin da ke kan matakalar benenmu, tun daga hawan ƙarshe har bakin ƙofar shiga, ba a tsallake ko ɗaya ba. Mai benen ba ya gari, ya tafi ganin likita. Matar da ke kula da su, wadda yaro da babba a gidan ke kira Gwaggo, ita ta fara jin warin da safe, tsintsiya na hannunta.

A kan wannan mata nake rubutun nan. Ni mai gyaran famfo ne, shagona a ƙasan benen yake, kuma abin da idona ya gani da wanda mutanen gidan suka shaida shi kaɗai zan faɗa.

Gwaggo mai shara ce. Da wannan aikin aka ɗauke ta tun gashinta bai fara fari ba, aka ba ta ɗaki a bayan matakala, mai taga ɗaya. Kafin masu shaguna su buɗe ta riga ta hau sama da bokitinta, tana dafa bango saboda gwiwa. Daga sama take fara shara ta gangaro. A kowace kwana ta matakala akwai taga, a gaban kowace taga akwai tukwanen fure, nan take tsayawa ta ajiye tsintsiya.

Masu sayar da furanni suna kiran irinsu buromiliya ko wani abu mai kama da haka. Mu a gidan mai ƙoƙo muke cewa. Dangin abarba ne, in ka ga kan abarba ka ga siffarsa. Ganyen dogaye ne masu tauri, da ratsin fari kamar an barbaɗa musu toka, gefensu da ƙananan haƙora irin na zarto. Suna zagayawa su haɗu a tsakiya su yi ƙoƙo, kuma ta wannan ƙoƙon shukar ke shan ruwa. Ƙasar tukunya ba ta son jiƙa sosai. Ba ma ƙasa ba ce, Gwaggo ɓawon itace take farfasawa ta haɗa da gawayi da ɓawon kwakwa. Rana mai zafi tana ƙona ganyen, duhu kuma yana kashe launinsa, don haka kullum tana cikin matsar da tukwane, wannan ta ja shi baya, wancan ta juya masa fuska. Bayan 'yan kwanaki sai ta karkata kowace tukunya ta zubar da tsohon ruwan ƙoƙon ta zuba sabo, don kada ya yi wari, kada sauro ya samu wurin haihuwa. Hannayenta daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu ba sa rabuwa da karce.

Ruwan famfo ba ta zuba musu, wai yana barin farin abu a jikin ganye. Ta matsa mini sai da na ja mata bututu daga indararo zuwa duro a bayan gida.

"Gwaggo, mutane na shan ruwan nan suna rayuwa, ciyawa ce za ta yi yanga?"

"Sarkin Yoyo, kai dai ɗaure mini bututu. In ya zuba a ƙasa kamar na hawa na biyu, kai zan tara wa bokiti a ka."

Haka take kirana tun ranar da wani aikina ya ba ni kunya a gaban jama'a, kuma sunan ya bi ni.

Duk furannin nan jinin uwa ɗaya ne. Mai Bene ne ya ɗauko ta daga wata tafiya tun yana da ƙarfinsa, a kan cinyarsa ya riƙo ta har gida. Mai ƙoƙo sau ɗaya take fure a rayuwarta. Wani kai ne mai ruwan hoda yake fitowa daga tsakiya, ya yi watanni yana ƙyalli, daga nan uwar ta fara bushewa a hankali. Kafin ta ƙarasa sai ta fitar da 'ya'ya ta gindinta. Gwaggo ce ke jira su yi ƙwari ta yanke su ta dasa. Da haka tukunya ɗaya ta cika bene. Mai Bene bai taɓa yarda a ba wani ko 'ya ɗaya ba, ko ɗan'uwansa.

Mutum ne mai magana ɗaya, kuma a kan furannin nan ba shi da sauƙi. Akwai wani tela da ya shanya rigarsa a tagar matakala, ruwan sabulu ya ɗiga cikin ƙoƙo, ganye ya ƙone. Roƙon duniya an yi, bai ji ba, da matarsa da keken ɗinkinsa telan ya tashi. Duk ɗan haya a gidan ya san wannan labari.

Ke kuwa, Gwaggo, ke ce kika tsaya tsakaninmu da fushinsa shekara da shekaru. Yara sun sha buga ƙwallo su karya ganye, ki gyara wurin da almakashi ki juya tukunyar ta kalli bango. Ke ce amaryar hawa na uku ta kawo wa nata furen da ta saya tana hawaye, wai ya mutu a hannunta, miji zai ce ba ta iya riƙe komai ba. Kika ɗaga ganyen ƙasa kika nuna mata 'ya'ya sun leƙo, kika ce mata ta share fuska, haihuwa yake yi. Ƙofar ɗakinki ta zama asibitin shuke-shuken mutane, kowa ya kawo nasa a galabaice ya tafi da shi a miƙe, ba ki taɓa cewa a ba ki komai ba.

To daminar bara zazzaɓi ya shiga gidan. Yara suka riƙa kwanciya, wannan ɗaki yau, wancan gobe, har aka kwantar da wasu a asibiti. A daidai lokacin gwiwar Gwaggo ta kumbura. Ta iya jan jiki ta yi sharar ƙasa, amma hawan sama ya gagare ta na ɗan lokaci, ruwan ƙoƙon furannin can bai samu sauyi ba. Ga wani abu kuma. Akwai babbar tukunya da ke zama a falon Mai Bene, Gwaggo na kiranta Tsohuwa. Da zai tafi ya rufe labule ya kulle ko'ina, sai Gwaggo ta ce duhu zai cutar da ita, ta buɗe da makullin da ya bar mata, ta fito da ita ta ajiye a tagar ƙofarsa. Da tana ciki da ta tsira.

Da safen nan Gwaggo ta sa yatsa a ƙoƙon farko ta ciro shi yana maiƙo. Ta shinshina. Ta wuce na biyu, na uku. Gwiwar da ta hana ta hawa ba ta ma tuna da ita ba, sai ga ta a hawan ƙarshe gaban Tsohuwa, kananzir na yawo a saman ruwan yana launi-launi. Nan ta zauna a kan matakala. Ba kuka ta yi ba. Lissafi take yi na abin da zai biyo baya, domin ta san mutumin ba zai tambayi dalili ba, suna zai nema, kuma mai sunan zai bar gidan. In ba a samu suna ba, ita ce a kusa.

Ta leƙo ta taga ta kira ni da sunana na gaskiya. A nan na san ba lafiya.

Muka sauko da tukwanen bayan gida. Na ja tiyo daga famfo.

"Yau ruwan famfo ya halatta ke nan?"

"Yau ko na kwata ne kawo. Buɗe shi duka."

Ta riƙa kifa kowace shuka tana ɗauraye ƙoƙon, ta sa ɗan sabulu ta sake ɗaurayewa, ta cusa hannu tsakanin ganyaye har gindi. Haƙoran ganyen suka tsattsaga mata fata, kananzir ya shiga ciwon. Ina ganin tana cije leɓe, ba ta tsaya ba.

Ina durƙushe a bayan duro ina ƙara ɗaure tiyon sai ga wata mata ta zo. Ba zan faɗi ko wace ce ba, ba zan faɗi hawan da take ba. Uwa ce cikin iyayen da 'ya'yansu ke kwance, mijinta kuma aiki ya kai shi nesa. Ba ta gan ni ba.

"Gwaggo, ni ce."

"Na sani. Warin na jikin mayafinki."

"A asibiti aka ce mu duba duk inda ruwa ya kwanta. Na dawo ɗaukar wa yarinyata kaya, na leƙa na sama, na ga 'ya'yan sauro suna motsi a ciki. Wallahi idona rufewa ya yi. A gidanmu in ruwa ya taru haka ake yi, a ɗiga kananzir. Na ɗauka sauron kaɗai zai kashe."

Gwaggo ta ajiye shukar da ke hannunta, ruwa na zuba a ƙafarta.

"Kin gan su da idonki, suna motsi?"

"Na gani."

"Yaya jikin yarinyar?"

"An sa mata ƙarin ruwa. Ba ta gane ni ba da safe."

"To me kike yi a nan? Je ki sauya mayafin, ki wanke hannu da kyau, ki koma wurinta. Ba ki zo ba, ban gan ki ba."

Da matar ta tafi, Gwaggo ba ta ko juyo ba ta ce, "Sarkin Yoyo, na san kana nan. Wannan karon ka toshe."

Na fito na faɗa mata gaskiyata. Na ce tausayi daban, wauta daban. Na ce ke ba yarinya ba ce, ba ki da ɗa, ba ki da wani ɗaki sai wannan, in ya kore ki ina za ki?

"Da na hau na juye ruwan, da ba ta ga abin da ta gani ba."

"Gwiwarki ce ta hana."

"Gwiwata ce, ba tata ba. Miƙo mini waccan tukunyar."

Daga nan aka shiga zaman jira, kuma ban taɓa ganin jira mai cin rai irinsa ba. Ta jera su a inuwa ƙarƙashin rumfar bayan gida, ta bar ƙoƙunan a bushe. Kowace safiya sai ta kama ganyen tsakiya ta ɗan ja. In ya yi tauri, ta sauke numfashi ta wuce. In ya biyo hannunta, laushi, baƙi-baƙi, da warin ruɓa, to wannan ta tafi. Ƙananan ne suka fara. Yau a fitar da biyu, gobe uku. Layin tukwane ya riƙa gajarcewa, ita ma tana ramewa tare da shi. Abinci in an kawo mata sai ya huce a rufe.

Ba wanda ya san ranar dawowar Mai Bene. Direbansa ya ce ƙarshen mako, ƙarshen mako ya zo ya ce likita ya ƙara riƙe shi. Duk motar da ta yi ham a bakin ƙofa sai ka ga Gwaggo ta saki abin da ke hannunta ta miƙe tsaye. 'Yan haya kuma kowa ya shiga zargin kowa. Masu yara suka hana su fita matakala. Mata suka daina tsayawa hira a bakin famfo in ta iso.

Na ce mata mu je wurin masu sayar da furanni mu samo wasu mu cika gurbin. Ta dube ni.

"Mutumin da ya san ratsin kowane ganye? Kuma in na yi masa ƙarya da fure, gobe da me zan kalle shi?"

Uwar yarinyar nan ta sake dawowa, ta ce ta kasa barci, gara ta faɗa ta huta. Gwaggo ta ja ta cikin ɗaki ta tura ƙofa, amma ɗakin ba ya riƙe magana.

"Ki huta? Ke za ki huta, yarinyar fa? A sallamo ta daga asibiti ki kai ta ina, cikin ruwan nan, da katifa a ka? In kina son ki yi mini alheri, ki rufe bakinki ki ba ta magani a kan lokaci."

Ranar da tsakiyar Tsohuwa ta biyo hannunta, Gwaggo ta daɗe tana kallon ganyen a tafinta. Na ɗauka shi ke nan. Amma ba ta jefar da tukunyar ba. Ta ƙwaƙule ruɓar da cokali, ta barbaɗa garin gawayi, ta ce muddin ganyen waje na da kore, gindin bai mutu ba, kuma uwar da aka kashe wa tsakiya wani lokaci takan yi saurin haihuwa. Wani lokaci, ta ce, ba kullum ba. Sauran duk suka ƙare, ita kaɗai ta rage. Safe da yamma sai ta durƙusa da wannan gwiwa tana ɗaga ganyen ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Ba komai. Gobe ma ba komai.

Sai wata safiya ta kira ni ta nuna mini wani ɗan tsini kore, bai kai kan ɗan yatsa ba, maƙale a gindi. Na ce barka. Ta ce in yi shiru, ruɓa na iya bin sa.

Bayan 'yan kwanaki Mai Bene ya dawo. Ya rame, yana dogara sanda. Ya hau matakala a hankali, kowace kwana sai ya tsaya ya kalli tagar da ba komai a gabanta. Haka ya yi har ya kai sama. Sannan ya aika a kira ta. Ni na ɗaukar mata tukunyar, shi ya sa na ji komai. Ƙofofin hawan a rufe suke, amma na san akwai kunne a bayan kowace.

Ta gaishe shi, ta yi masa ya jiki, ta faɗa masa abin da ya faru ba ta rage ba, har da ruwan da ba ta sauya ba, har da fito da Tsohuwa daga falo.

"Wa ya zuba?"

"Ranka ya daɗe, a hannuna ka bar su."

"Ban tambaye ki a hannun wa na bar su ba. Kin san wanda ya zuba?"

"Na sani."

Da ta ce ba ta sani ba, wataƙila da ya yi faɗa ya gaji. Amma Gwaggo ba ta iya wannan ba. Ta ɗaga ganye ta nuna masa 'yar. Ya sunkuya da ƙyar, ya daɗe yana dubawa.

"Yaushe za ta yi fure?"

"Sai ta girma. Shekaru ne, ba watanni ba."

"Ni da na fito daga hannun likitoci kike ce wa shekaru." Ya miƙe. "Ki ba ni suna, ko ki ba ni makullin ɗakin da kike kwana."

"Na ji. Abu ɗaya nake roƙo. Ka bar ni har 'yar nan ta isa rabuwa da uwarta. In aka yanke ta yanzu ba za ta kama ba, in wanda bai sani ba ya yanke ta zai kashe ta."

Ya yarda. Ina jin ya ɗauka lokaci zai karya ta. Duk sanda suka haɗu a ƙofa sai ya tsaya ya ce, "Har yanzu?" ita kuma ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi, ranka ya daɗe," ta ci gaba da shara. Watanni aka yi a haka. Yarinyar nan ta warke, ta dawo tana tsalle a matakala. 'Yar furen ta yi ganye, ta buɗe nata ƙaramin ƙoƙon, ta kusa rabin uwar. Na ce wa Gwaggo ta ja lokaci, wa ya san girman da ake jira in ba ita ba? Ta bar ta a jiki har baɗi, mutum na iya hucewa.

"Ta isa," ta ce. "Shi bai sani ba, ni na sani."

Ta wasa wuƙa ta goge ta, ta yanke 'yar daf da jikin uwar, ta bar wurin yankan ya sha iska, ta dasa ta a ƙaramar tukunya, ta kafa mata tsinke don kada ta karkata. Ta zauna da sabuwar mai sharar da aka kawo ta koya mata komai, har yadda ake karkata tukunya ba a zubar da ɓawon ba. Sannan ta hau sama da tukunyar a hannu ɗaya, makullin ɗakinta a ɗayan.

Gwaggo, ni ba mai iya yabo ba ne, kin sani. Kuma har yau ina ganin akwai taurin kai a abin da kika yi. Amma ke ce kika ga uwa a firgice kika tambayi jikin 'yarta kafin ki tambayi aikin shekarunki da ta ƙona. Ke ce kika ɗauki rabonki na laifi ba wanda ya ɗora miki, kika ƙi sauke sauran a kan wadda ba za ta iya ɗauka ba. Uwar matakala, mun gode. Madadin iyayen gidan nan, da yaran da ba su san abin da aka yi dominsu ba, mun gode. In Mai Bene ya ga wannan ya kira ni, amsarki ce amsata.

Ku kuma masu karatu, akwai irinta a inda kuke zaune ko inda kuke aiki. Kuna wuce ta da safe tana sunkuye. Ku tsaya ku gaishe ta, ku tambayi gwiwarta, in ta kasa hawa ku karɓi bokitin ku hau mata. Mu da ɗayanmu ya yi haka a makon nan, da ba a kai nan ba. In kuma an ba ku amanar abu mai rai, ko ciyawa ce, ku riƙe ta yadda ta riƙe.

Gwaggo tana raye. Tana wurin 'yar ƙaninta a can ƙarshen gari, a ɗakin da suke ajiye buhuna da tsofaffin kujeru, an matsar da su gefe an shimfiɗa mata katifa. Da rana ma sai an kunna fitila. Na je gaishe ta da wata ƙaramar shuka da na saya a hanya. Ta karɓa ta juya ta, ta duba ƙarƙashin ganye, ta dubi bangon ɗakin daga wannan kusurwa zuwa waccan, sannan ta miƙo mini.

"Kai wa wanda ke da haske," ta ce. "A nan wahala kawai za ta sha."